Intanet a gidan da sai salla ake buɗewa

'Yan kasuwarmu da yawa suna zaune Yamai ko Kano, gidajensu na Maraɗi a kulle sai salla, amma kuɗin intanet na fita duk wata. Da aka tattauna batun, akasari sun ce a je a nemi dakatar da layin, kada a daina biya shiru, bashi zai iya taruwa. A kuma tambayi kuɗin maido shi tukuna.

Wasu sun ce ƙaramin wifi mai sim na Airtel ko Moov ya isa: in ka zo ka sayi data. Ni ma nan na tsaya. Mai kyamarar tsaro a gidan kam dole ya ci gaba da biya, ya tanadi sola saboda ɗaukewar wuta lokacin zafi.