Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta dace da maganar mulki?

Ɗalibar Hausa: Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Na ji wani ya kawo karin maganar nan yana sukar sakacin gwamnati. Ni kuwa a sanina ta zumunci ce: 'yan'uwa su ɓata, magulmaci ya samu ƙofa. Ko daidai ne a ja ta zuwa harkar mulki?

Dattijo: Wa alaikumus salam, 'yata. Fahimtarki daidai ce, a nan aka fi amfani da ita. Amma ki lura da abin da ta faɗa: ƙadangare bai fasa bango ba, a tsage ya tarar da shi. Annoba, ambaliya da ɓarayin dukiyar jama'a duk haka suke shigowa. Wanda aka damƙa wa kula da bango shi za a fara tambaya.

Injiniya: Baba ya yi gaskiya. A aikinmu ma maganar a zahiri take. Ginin Rana Plaza mai ɗauke da masana'antun ɗinkin tufafi a Bangaladash ya rufta ranar 24 ga Afrilu, 2013, mutum fiye da 1,100 suka mutu. Ana gobe zai faɗi aka ga tsagewa a jikinsa. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka tilasta wa masu ɗinki komawa bakin aiki. Haka a Darna ta Libiya: an daɗe ana gargaɗi kan madatsun ruwa biyu da ba a gyara ba, suka ɓalle a Satumbar 2023, dubbai suka halaka. Abin da ke ci mini rai shi ne duk an gani tun da wuri.

Uwar Yara: Ni fa, Baba, a gafarce ni, ina jin tsoron karin maganar nan a bakin mai laifi. Sai ya ce ai ƙofa ya gani a buɗe. Ƙadangare ba shi da hankali, amma ɗan kwangilar da ya rage ƙarfe da siminti ya san abin da yake yi. Wani lokaci ma shi ne ya tsaga bangon.

Dattijo: Hajiya, wannan gyara ne mai kyau, na karɓa.

Mai Nazari: Sai dai kada mu ɗora wa gwamnati abin da ba ta iyawa. Babu baitulmalin da zai toshe kowace kafa, dole a zaɓi wadda ta fi haɗari. Bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum fiye da 1,800 a Holan, sun shafe shekaru sama da 40 suna gina katangun teku, da kuɗin harajin mutanen da da yawansu ba su ga kammalawar ba. Jama'ar da ke yaba sabon gini kawai, ba ta tambayar kuɗin gyara, tana da nata kason laifin.

Injiniya: Ɗan'uwa, na yarda, amma dubi Beirut, babban birnin Lebanon. Tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret, wanda ake haɗa takin zamani da abubuwan fashewa da shi, ya zauna a tashar jiragen ruwa kimanin shekara shida. Jami'an kwastan sun rubuta wasiƙu suna neman a kwashe shi, ba a yi ba, har ya fashe ranar 4 ga Agusta, 2020, ya kashe mutum fiye da 200. Kwashe shi bai fi ƙarfin aljihun gwamnati ba. Amsa wasiƙa aka kasa yi.

Ɗalibar Hausa: Na gode ƙwarai. To zan yi amfani da ita a kan mulki, amma tare da sharaɗin da Hajiya ta kawo. Injiniya, a irin aikinku, idan ƙaramin ma'aikaci ya ba da rahoton tsagewa aka yi biris da shi, wa yake kai wa ƙara?