Fayawol na daban a kan antibairos: za su zauna tare ko sai an cire ɗaya?

Maman Hanif, Kubwa

Assalamu alaikum. Don Allah masana kwamfuta ku agaza min. Ina koyarwa a wata firamare a nan Kubwa, kuma a gida nake haɗa sakamakon ɗalibai da tambayoyin jarrabawa a laftof ɗina. Windows 10 ce a kai, da antibairos na kuɗi da nake sabunta lasisinsa duk shekara. Damuwata data ce. Ina sawa a MiFi, kafin in ankara ta ƙare, alhali ko bidiyo ba na kallo. Da na yi wa ɗan yayata ƙorafi, sai ya sa min wani fayawol na kyauta, ya ce zai hana manhajoji shan data a ɓoye.

Tun ranar ban huta ba. Ina tsakiyar shigar da maki sai saƙo ya faɗo a gefen allo, wai svchost.exe na son fita intanet, a bari ko a hana. Ni ina na san shi? Yanzu kwamfutar ta daina ganin firintar da ke haɗe ta Wi-Fi, ta yi nauyi, fanka sai ƙugi take, ga jarrabawa ta matso. Shin su biyun za su iya zama tare? In kuma cirewa za a yi, wanne zan cire?

Baban Sadik, Wuse 2

Wa alaikumus salam Malama. Sana'ata ke nan, kuma ana yawan kawo min irin wannan. Antibairos da fayawol aikinsu daban: ɗaya yana binciken fayil, ɗaya yana tsare hanyar shiga da fita intanet. A ka'ida suna zama tare lafiya. Rigimar tana tasowa ne in biyu suka haɗu a kan aiki guda.

Ki buɗe antibairos ɗinki ki karanta cikakken sunansa. In akwai Internet Security ko Total Security a jiki, to galibi da nasa fayawol ya zo, ke nan ɗanki ya ɗora wani a kan wani. Duk abin da zai shiga ko ya fita sai ya bi ta hannun su biyun. Wannan ya ce a wuce, wancan ya ce a tsaya, to an tsaya, ke kuma ba za ki san wanda ya tare ba. Sannan wasu fayawol ɗin ba hanya kawai suke tsarewa ba. Comodo, misali, yana da sashen da ake kira HIPS mai sa ido kan motsin kowace manhaja, kuma antibairos na zamani ma yana yin haka. In suka haɗu, kowanne na bincikar abin da ɗayan ke yi, nauyin da kike ji ke nan.

Shi kuwa svchost.exe na Windows ne. A cikinsa ayyuka da dama ke gudana: sabunta Windows, karɓar adireshi daga MiFi, nemo na'urorin da ke kusa. In aka hana shi, firinta na iya ɓacewa.

Shawarata, ki cire sabon. Ki bi ta Settings, Apps, Uninstall, kada ki goge folda da hannu, don direbansa, wato ɓangaren manhajar da yake dasawa cikin Windows, zai maƙale a ciki. Ki kashe ki kunna, ki shiga Windows Security ki tabbatar sashen fayawol yana nuna kore. In intanet ta ƙi dawowa, ɗanki ya buɗe Command Prompt da izinin admin ya buga netsh winsock reset, a sake kunnawa.

Maganar data kuma, ki shiga bayanan Wi-Fi ɗin MiFi ki kunna Metered connection. Windows za ta rage sauke manyan kaya, OneDrive mai tura fayil ɗinki ma'ajiyar intanet ma zai dakata. Akwai shafin Data usage da zai nuna miki abin da kowace manhaja ta sha cikin kwana 30. A can za ki kama mai laifin.

Abu Kalkuleta, Gwarimpa

Baban Sadik na yarda da kai, amma a yi wa yaron adalci, tunaninsa bai kauce ba. Tun 2004, zamanin XP Service Pack 2, fayawol ɗin Windows yake zuwa a kunne, sai dai kamar maigadin da ke tsare masu shigowa ne, mai fita kuwa ko kallonsa ba ya yi sai an ba shi umarni. Wanda ke son sanin manhajar da ke fita a ɓoye yana da hujja. Kuskuren a zaɓi ne. Windows Firewall Control, wanda Malwarebytes suka saya a 2018, ba sabon fayawol ba ne, na Windows ɗin yake sarrafawa. TinyWall kuma ba ya damun mutum da tambayoyi. Amma ko su ban ce Malama ta sa ba, matuƙar antibairos ɗinta na da nasa.

Maman Hanif, Kubwa

Allah ya saka da alheri. Internet Security ne kuwa. Na cire, nauyin ya ragu, amma firinta shiru har yanzu. Sannan abokan aikina na kawo min filasha, wani lokaci duk fayil ɗin sun koma shotkot. Wata ta ce in ƙara Smadav. Shi ma zai kawo rigima?

Baban Sadik, Wuse 2

Amin Malama. Firinta: ki duba bayanan Wi-Fi ɗin, wataƙila yana kan Public. Ki mayar da shi Private tunda MiFi ɗinki ne na gida, a cikin antibairos ɗin ma ki sa shi a jerin amintattu. In ta ƙi, ki cire firintar ki sake ƙara ta.

Smadav dama an yi shi ne a matsayin ƙari, musamman don filasha, ba don ya maye gurbin babban antibairos ba. Amma naki na kuɗi ya isa: ki saita shi ya binciki duk filashar da aka soka, kuma kada ki danna shotkot ɗin nan, danna shi ne ke tayar da cutar. Abin da ba a yi shi ne manyan antibairos biyu a kunne lokaci guda. Shi ya sa Defender, antibairos ɗin Microsoft da ke zuwa da Windows, ke ja da baya da kansa da zarar an sa wani.

Abin da ya fi damuna ma Windows 10 ɗin ce. Tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma fayawol ba ya ɗinke ɓarakar da ke jikin Windows kanta. Ki sauke PC Health Check ki ga ko laftof ɗin za ta ɗauki Windows 11, don Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke jikin kwamfuta. In za ta ɗauka, ki bari sai an gama jarrabawa, ki kwafe sakamakon yara a wani wuri tukuna, kuma a yi shi inda ake da Wi-Fi mara iyaka, don gigabait da yawa zai ci.