Mi za mu ce ma lint da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Masu harkar Linux da masu fassara ku matso, akwai kalma guda da ta tsaya mana a wuya a aikin shafukan man, wato bayanin nan da ke fitowa in ka buga man ls ko man grep a tasha, wato allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, don ganin yadda ake amfani da umarnin ls ko grep. Su shafukan ba rigima, shafin jagora muke ce musu kuma kowa ya karɓa, tunda man ɗin guntun manual ne ba namiji ba. Wadda ta gagara ita ce lint. Kullum sai ka ji ana cewa "ka yi linting kafin ka turo", to mi za mu ce da Hausa?

Bari in fara faɗin abin da yake yi, don kar mu raɗa ma yaro suna ba mu ga fuskarshi ba. Shafin jagora ba kamar Word ake rubuta shi ba, da yaren roff ake yi, tsohon abu ne tun littafin Unix na farko da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar a 1971 a Bell Labs. Layin da ya fara da ɗigo umarni ne, .TH kan shafi, .SH kan sashe, .B ya kaurara rubutu, .TP ya jera zaɓi da bayaninshi a ƙasa. Sai manhajar groff ko ta mandoc ta karanta ta fitar maka da shafi mai kyau. To in ka buga mandoc -T lint da sunan fayil ɗin ba zai fito da shafin ba, sai dai ya jero maka inda ka yi ɓarna, layi kaza ka bar fili a ƙarshe, layi kaza ka sa .PP kai tsaye bayan .SH alhali ba ya da amfani a wurin, layi kaza umarnin da ka rubuta babu shi. groff ma yana da nashi gargaɗin in ka ƙara mishi -ww. Sunan kuma daga wata manhaja ce da Stephen C. Johnson ya rubuta a 1978 don duba shirye-shiryen kwamfuta da aka rubuta da yaren C, ya aro shi daga ɓurɓushin zaren nan da ke manne wa tufafi.

Abin da nake so kowa ya riƙe: lint ba ya gyara komai. Nuna maka yake yi, gyaran naka ne.

Wani ƙanenmu daga Mabera, nan Sakkwato, ya fara amsawa:
"Yaya ai abin nan sauƙi gare shi, gyara kawai. Ko gyaran rubutu. Mi za a wahal da kai."

Ƙanena ka sake karanta layin da na rubuta a sama. In muka ce gyara, sabon shiga zai buga umarnin ya ɗauka aiki ya ƙare ya tura fayil yadda yake. Kuma gyara muna buƙatarta a inda take, domin bayan an nuna kuskure wani zai zauna ya gyara ɗin, to shi kuma mi za mu ce ya yi? Haka "dubawa" da wani ya kawo, ta yi faɗi da yawa, likita ma dubawa yake yi, malamin makaranta ma haka.

Sai wata Malama da ke koyar da kwamfuta ta ce:
"Ni tacewa nika ce ma ɗalibai, kuma suna ganewa."

Malama ba ki yi nisa da hanya ba, amma tace an riga an cinye ta. A fassarar manhajoji ita ake sa wa filta, wajen ware saƙonni da sakamakon bincike, sannan Bahaushe da ya ji tace sai hankalinshi ya tafi hukumar tace fina-finai ta Kano, wato a yanke abin da bai dace ba. Lint kuwa ba ya yanke ko harafi ɗaya.

Wanda ya tsayar da mu sosai wani dattijo ne, alaramma ne kuma yana taɓa kwamfuta, ga abin da ya rubuto da Sakkwatancinshi:
"Ku yaran zamani kun cika neman abu nesa. Wanga aiki da kuka faɗi ai darasu na. Gardi shi rubuta allonai, shi kawo gaban malam, a bi shi harafi harafi, inda yab bar wasali a nuna mai, inda yaƙ ƙara a nuna mai. Mi ar bambanci?"

Allah ya gafarta Malam, wallahi na daɗe ina juya wannan. Ta wani gefen ta zauna daram, domin darasu ma ba ma'anar karatu ake bi ba, rubutun ake bi, ɗigo da wasali da inda aka tsallake, kuma garin nan da aka gaji kwafar littattafai da hannu tun zamanin Shehu da Abdullahi da Bello ba a rasa kalmomin wannan sana'a ba, akwai muƙabala ma, a ɗauko kwafi a gwada da asali. Amma abu biyu suka hana ni. Na farko kalmar tana da alfarma, ta allo ce da Alƙur'ani, ban jin daɗin in ji yaro yana cewa "darasun ya faɗi, sake gudu da shi" a kan fayil ɗin grep. Na biyu wanda bai yi tsangaya ba zai ji ta kamar darasi, ya ɗauka koyarwa ake nufi. Muƙabala kuma ku ajiye mana ita, ranar da muka zo neman sunan diff za ta yi aiki, don shi ne ainihin gwada kwafi biyu.

Ni abin da na kawo shi ne tankaɗe. Matankaɗi ba ya daka, ba ya niƙa, gari ya wuce tsaki ya tsaya a sama kowa na gani, mai aiki ita za ta kwashe tsakin ta mayar turmi ta sake dakawa ta sake tankaɗewa har ya ƙare. Haka ake yi da shafin jagora sak, ka tankaɗe, ka gyara, ka sake tankaɗewa har umarnin ya dawo bai ce komai ba. Kuma kalmar tana haihuwa, wanda shi ne abin da nake nema a kalmar aiki: tankaɗe shi ne aikin, matankaɗi ita ce manhajar, tsaki shi ne abin da ta jero. "Na tankaɗe shafin, tsaki uku ya rage." Ba wanda zai ce a fassara mishi wannan.

Ƙanen nan na Mabera ya dawo:
"To Yaya me ya sa ba rariya ba, ai ta fi gajarta"

A Kano ƙila ta wuce, amma nan in ka ce rariya wani hanya zai ji, yawon rariya. Matankaɗi ba ta da wannan matsalar ko'ina.

Yanzu bari in nuna muku irin tsakin da ya sa nake ganin abin nan ya shafe mu fiye da Turawan da suka ƙirƙiro shi, don wasu na ganin duk ƙaƙale ne. A roff ba ɗigo kaɗai ke buɗe umarni ba, alamar ' ma in ta zo farkon layi umarni ce. To mu kuma muna da 'yan da 'ya'ya da 'yanci. Ka fassara jimla, layi ya karye daidai kan "'yan fayilolin da ke ciki", groff zai ɗauka kana kiran wani umarni mai suna yan, ya duba babu, ya haɗiye layin gaba ɗaya bai ce maka uffan ba. Shafi zai fito tsaf, jimla guda ta ɓace, mai karatu ya ga magana ta yi tsalle bai san dalili ba. Ido ba ya kama wannan cikin sauƙi musamman a shafi mai tsawo irin na bash, amma matankaɗi zai ce maka layi kaza akwai umarnin da ban sani ba. Maganin kuma ɗan ƙarami ne, ka sa \& a gaban alamar, ko ka karya layin a wani wuri, ko ka rubuta da ƴ in tsarin da kuka zaɓa kenan.

Na biyu ƙaramar sandar nan ta zaɓi. A roff - daban \- daban. Ta farko ta haɗa kalmomi ce irin fina-finai, ta biyu ita ce wadda ke kan kibod da ake bugawa a ls \-l. In ka rubuta zaɓi da ta farko, a wasu na'urori sai ta fito da wata alama ta Unicode mai kama da ita, a ido iri ɗaya, amma mutum ya kwafa ya liƙa a tasha umarni ya ƙi, ko ya nemi zaɓin a cikin shafin bincike ya ce babu. Da groff 1.23 ya fito a 2023 an sha muhawara a kan wannan, har masu Debian, ɗaya daga cikin tsarukan Linux, suka mayar da tsohon hali a nasu don shafukan da ba a gyara ba sun yi yawa. Mu da Hausa ke cike da kalmomi masu sanda, sai mai fassara ya san wacce yake bugawa kowane lokaci. Wannan kam ba kowane matankaɗi ke kama shi ba, don na'ura ba ta san nufinka ba, sai an haɗa da ido.

Akwai kuma layin sashen NAME, suna sai \- sai bayani gajere, daga nan whatis da apropos, umarnin da ake neman shafi da su, ke ɗaukar abin da suke nunawa, in ka lalata shi shafinka na nan amma mai nema ba zai same shi ba. Sauran ƙanana ne, kowace jimla ta fara a sabon layi don in an canza kalma ɗaya diff ya nuna jimla ɗaya, kar layi ya wuce bait 80. Nan ma a lura, bait aka ce, wato ma'aunin wurin da rubutu ke ci a kwamfuta, ba harafi ba, kuma ƙ da ɗ da ɓ kowanne bait 2 yake ci a UTF-8, tsarin da ake adana haruffan da shi, shi ya sa layin Hausa ke cika da wuri.

Malama ta sake magana, kuma ta kama ni a inda ya dace:
"Tankaɗe na yarda. Tsaki ne ban yarda ba. A rubuce ba a bambanta shi da tsakin raini, ɗalibi ya ga 'tsaki 12' a allo dariya za ya yi. Sannan mandoc ai yana raba su, akwai na salo akwai gargaɗi akwai kuskure, in ka ce musu tsaki duka ka haɗe su."

Gaskiyarki Malama ta wajen rabewar. Fili a ƙarshen layi ba ɗaya yake da layin da ya ɓace ba. To mu yi haka, a rubutun fassara na hukuma a bar kowanne da sunanshi, salo, gargaɗi, kuskure. Tsaki kuma ya zauna a bakinmu in muna nufin tarin gaba ɗaya. Dariyar ɗalibai ban damu da ita ba, wanda ya buga umarni ya ga layi 200 na ƙorafi dama tsakin zai ja.

Alaramma ya rufe nashi da cewa shi dai darasu zai ci gaba da faɗi a zaurenshi, amma bai hana mu ba. Mun gode Malam, Allah ya ƙara lafiya.

Saboda haka a ƙamus ɗin aikinmu na sa tankaɗe da matankaɗi. Wanda ke riƙe da fassarar shafin cp, akwai 'yan a farkon layi a sashen bayani, ka tankaɗe kafin ka sake turowa.