Rigin ko ɗori? Neman sunan aikin saka wa ɗan gem ƙashi

1/
'Yan'uwa masu haɗa gem da masu zanen kwamfuta na Sakkwato da kewaye, ga magana. Kalmar nan ta Turanci, rigging, har yau "rigin" take a bakinmu, kuma sabon shiga in ya ji ta sai ya zaci rigima ake nufi, ko wani abu da ya shafi riga. Shawarata mu kira aikin ɗori, mai yin sa kuma maɗori. Ku bari in kawo hujja kafin ku yi mini ca.

2/
Domin waɗanda ba su taɓa aikin ba: in ka ƙera mutum a Blender, manhajar ƙera siffofi a kwamfuta, fata ce kawai a hannunka, ragar dubban ɗigo da aka haɗa, cikinta holoƙo. Ko yatsa ba ya iya ɗagawa. Sai ka shiga ciki ka jera masa ƙasusuwa tun daga ƙugu, ka hau gadon baya zuwa wuya, ka fitar da kafaɗu da cinyoyi. Kowane ƙashi yana rataye da na samansa, in ka juya kafaɗa, damtse da gwiwar hannu da yatsu duk su biyo. Jikin baligi ƙashi 206 ne, amma gem ba ya neman haka. Unity, manhajar haɗa gem, ƙashi 15 kawai yake buƙata ya yarda cewa wannan siffar mutum ce, cikakken tsarin Mixamo, shafin intanet da ke jera wa siffa ƙashi da kansa, kuwa 65 ne har da gaɓoɓin yatsu.

3/
A zaurenmu na WhatsApp an kawo shawarar kalmar ƙwarangwal. Na yarda da ita, amma a matsayin sunan abin da aka jera, wanda Blender ke kira Armature, Godot (wata manhajar haɗa gem) ke kira Skeleton3D. Aikin fa? Ba wanda zai ce "jiya na kwana ina ƙwarangwalta shi." Harshe ya ƙi.

4/
Ɗori kuwa ta zo da kayanta cikakke. A yi ɗori, maɗori, maɗora, ɗorin ya yi kyau, ɗorin ya goce. Duk wanda ya tashi a Mabera ko Runjin Sambo ya san gidan da ake kai yaron da ya faɗo daga bishiya, ya kuma san abin da mai gidan ya ƙware a kai: lalubo inda gaɓa take a ƙarƙashin nama, ya daidaita ƙashi a mazauninsa. Aikinmu ke nan a allo. Ka ajiye gwiwa sama da inda ya kamata ko da kaɗan ne, ɗan gem ɗinka in ya durƙusa cinyarsa ce za ta lanƙwashe a tsakiya.

5/
Wani malaminmu da ya karanci Hausa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya yi mini gyara mai ƙarfi. Ya ce maɗori karaya yake gyarawa, kuma da karare yake ɗaure ƙafa don kada ta motsa, alhali mu motsi muke nema. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, maganarsa tana da tushe. Sai dai ɗaurin na 'yan makonni ne, abin da ake so mutum ya miƙe ya yi tafiya ba ɗingishi. Kuma fi'ilin da kalmar ta fito daga cikinsa, ɗora, ba ruwansa da karaya. Ɗora wannan a kan wancan, shi ne dai abin da muke yi da ƙashi bisa ƙashi.

6/
Inda nake roƙon mu yi hattara shi ne mataki na gaba, wanda Turawa ke kira skinning. Mai fassarar gaggawa zai rubuta fiɗa, kuma a garin da aka san shi da fatar jar akuya kowa ya san fiɗa raba fata da jiki ce. Aikin kishiyar haka ne, liƙa fata ake yi ga ƙashi. Kowane ɗigo a jikin ragar ana ba shi lamba tsakanin 0 da 1 a kan kowane ƙashi da ke kusa da shi, a nuna wa ke jan sa da yawa. A Blender fenti ake yi, shuɗi na nufin ƙashin ba ya jan ɗigon ko kaɗan, jan launi kuma na nufin yana jan sa gaba ɗaya. Na fi son mu ce rabon nauyi.

A nan ne namu aikin ya bambanta da na masu koyarwa a YouTube. Su mutumin wando da shat suke gwadawa, su ɗora shi a Mixamo, su ja alama zuwa haɓa, wuyan hannu, gwiwar hannu, gwiwa da mara, cikin mintoci ya fara gudu. Kai kuma ka ƙera dattijo da babbar riga da rawani. Na'ura ba ta san riga ba. Sai ta raba yadin tsakanin hannu da cinya, mutum ya ɗaga hannu gefen rigar ya taso da shi har ƙasa, ya taka ƙafa aikin gaban rigar ya yage biyu. Dole ka zauna ka ƙara wa rigar ƙasusuwan kanta, ka yi wa jelar rawani nata, ka raba nauyin da hannu ɗigo-ɗigo, ko ka bar injin ya lissafa faɗuwar yadi, wanda ke cin ƙarfin ƙaramar waya. Wanda ya iya wannan ya cancanci suna, kuma maɗori ya fi "riga" (wato rigger na Turanci) ko "mai rigin" daɗin ji.

7/
Zoben nan da murabba'ai da ake ja daga waje don kada mai motsarwa ya riƙa taɓa ƙashi ɗaya-ɗaya, mu kira su linzami. Ka ja linzamin ƙafa, gwiwa da cinya su nemi wurinsu da kansu. Wannan ban ji wanda ya yi gardama ba.

8/
Wasu sun ce a bar kalmomin yadda suke a manhaja, tunda Turanci ne a maɓallan. To wace manhaja? A Satumbar 2023 Unity ya sanar da kuɗin da zai riƙa karɓa a kan kowace saukewar gem, mutane da dama suka koma Godot, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur na Ajantina suka sake kyauta tun 2014. Bayan shekara guda Unity ya janye, amma wanda ya ƙaura ya riga ya tarar da wasu sunaye. Unreal, shi ma manhajar haɗa gem, na da nasa. Kalmar Hausa ba ta bin kamfani. Kuma Godot da Blender 'yan sa-kai ne ke fassara su ta shafin fassara na Weblate, ranar da muka tashi saka Hausa gara a same mu da kalma ɗaya, kada Kano ta rubuta wata, Sakkwato wata.

9/
Darasin da zan yi wa yaranmu ranar Asabar da waɗannan zan yi shi: jera ƙwarangwal, yi ɗori, raba nauyi, saka linzami. Saura keyframe, hoton tsayuwar da ake kafawa a wani lokaci na'ura ta cike tsakani. An kawo "turke", an kawo "zango". Ni turke nake so, mai zango ya zo da hujjarsa a ƙasa.