Ina kuka ajiye kayanku lokacin da kuke ginin sabon gareji?

Baban Biyu:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema gun waɗanda suka taɓa shiga irin wannan halin. Tsohon garejina ya tsage ta baya, rufin ma yoyo yake, magini ya duba ya ce gyara ɓarnar kuɗi ne gara a rushe a tada sabo a wajen. To matsalar duk tarkacen gidan a ciki suke, injin yanke ciyawa, janareto, baro biyu, tsani, shebur da diga da manjagara, kekunan yara, akwatin kayan aiki, ga kwalayen littattafai da na kayan sanyi da ban ma san adadinsu ba. Cikin gida babu wuri, kuma uwargida ta ce injin da ke warin fetur ba zai kwana kusa da ɗakin yara ba, gaskiyarta kuwa. Maginin ya ce wata biyu za a gama, shi ne nake tunanin in tara su gefen katanga in lulluɓe da tamfol tunda ɗan lokaci ne. Wa ya taɓa gwadawa?

Tsohon Direba:
Malam na gwada, kuma har yau abin yana min ciwo. Ni ma wata biyu aka ce min, sai da muka ci wata bakwai, yau babu rodi gobe kafinta ya tafi wani aiki jibi kuɗi sun yanke. Na tara kayan a ƙasa kai tsaye, na ja tamfol na danne gefensa da bulo ta ko'ina yadda ko iska ba ta shiga, ina ganin na yi dabara. Ashe wannan ɗin ne ya kashe ni. Ruwan sama bai taɓa su ba, danshin ƙasa ne ke tasowa da rana ya taru a cikin tamfol ɗin, da dare ya koma ɗiga kan kayan. Ranar da na buɗe, zarton da mahaifina ya bar min ya yi jawur da tsatsa, sarƙar keken yarona ta ƙame kamar an yi mata walda, ƙotar shebur kuwa ina ɗagawa ta ruguje a hannuna, gara ta cinye cikin ta bar ɓawo. In dole sai tamfol, ka ɗaga kayan daga ƙasa, ka jera bulo ka shimfiɗa katako a kai, ka yi wa tamfol ɗin tudu a tsakiya kamar jinka don ruwa ya riƙa gangarewa, ka bar ƙasan a buɗe kamar taƙi guda iska ta riƙa ratsawa.

Mai Lambu:
Ni tamfol bai ba ni matsala ba gaskiya, amma ban ɗora shi kan kayan ba. Rumfa na kafa da sanduna shida na jingina da katanga, na rufa da tsohon kwanon garejin da aka rushe, tamfol ɗin ta gefen da ruwa ke bugowa kawai na ɗaura. Ka gaya wa masu rusau tun kafin su fara su cire maka kwanon da katakon rufi a hankali, in ba ka faɗa ba da guduma za su bi su. Ko ƙofar tsohon garejin ma ita na mayar ƙofar rumfar.

Yaya Babba:
Ƙanina ni kwantena na ɗauko haya, mai ƙafa 20, tsawonta kusan mita 6 ne faɗi kuma mita 2.4, kuma wallahi ta cinye kayan garejina duka har da sauran wurin wucewa. Ta fuskar ɓarayi da ruwan sama hankalina kwance yake. Amma akwai abubuwan da ba wanda ya gaya min. Na farko nauyi, ko babu komai a cikinta ta haura tan 2, ni kuwa a kan ƙasa zalla aka sauke min, da aka yi ruwa sau uku kusurwa ɗaya ta nutse, ƙofar ta karkace, mu biyu da ƙarfe muke bankare sakatar kafin ta buɗu. Sai da aka zo da jak aka ɗaga aka sa mata bulon kankare a kusurwa huɗun, don a kusurwoyin nauyinta yake sauka. Na biyu zufa. Ƙarfe ne, da rana ya ɗau zafi kamar tanda, da dare ya huce, sai ka shiga da asuba ka ga raɓa jere a rufin ciki tana ɗiga. Duk abin da ka sa da laima, ko mesar ban ruwa da ba ka tsiyaye ba ko injin da ciyawa ɗanya ta maƙale a ƙasansa, ruwan nan zai hau sama ya dawo kan kayanka. Na koma buɗe ƙofofin duk ranar da rana ta fito na awa ɗaya ko biyu, sai abin ya yi sauƙi. Kuma ka duba wayoyin wuta a sama da faɗin ƙofar gidanka kafin mota ta iso, maƙwabcina motar komawa ta yi da kwantenar don babu ta inda za ta juya.

Maman Yara:
Baban Biyu ni maganar kwalayen nan ce ta tsaya min. Dan Allah kar ka bar littattafai da tufafi a kwali. Mu da muka yi namu, hotunan aurenmu da takardun makarantar yara a kwali suke can ƙasan tarin, ɓera ya yi sheƙa a ciki ya haihu, abin da bai ci ba ya yi masa fitsari, na zauna ina ware hotuna ɗaya bayan ɗaya sun manne da juna ina hawaye. Ka nemi manyan robobi masu murfi, ka rubuta abin da ke ciki a gefe ba a saman murfi ba, don in ka ɗora wata a kai ba ka ganin rubutun. Takardu masu muhimmanci kam ko ƙarƙashin gado ne su shigo cikin gida. Sannan abin da ake nema kullum, tsani, baro, tsintsiya, famfon keke, su zama na ƙarshen shiga. Maigidana sau biyu yana fito da rabin kaya waje don neman sufana ɗaya.

Bakanike:
Ranka ya daɗe bari in yi magana kan injinan, don irinsu ake kawo min bayan an gama gini ana cewa jiya-jiya lafiya yake. Fetur ba ya son zama, wata biyu uku a tanki ya fara lalacewa, mai sauƙin tashin ya tashi ya bar wani abu kamar ƙaro, shi ke toshe ƙananan hujojin kabureta. Ka juye man, ka tada injin ka bar shi har ya mutu da kansa, in kaburetar na da ɗan noti na tsiyayewa a ƙasa ka kwance shi. Ka canza baƙin mai, ka cire fulogi ka ɗiga ɗan mai a ramin ka ja igiyar a hankali sau biyu uku ka mayar. Injin ciyawa kar a kifa shi ta ko'ina don neman wuri, in za a karkata shi ɓangaren fulogi ya kalli sama, in ba haka ba mai ya gangara ya jiƙa matatar iska. Batir na janareto ka cire kan baƙar waya, ka riƙa ba shi caji duk wata, in ya zauna a mace ya daɗe ba ya dawowa daidai. Batiran injin huda da makamantansu kuma su zauna cikin gida da kamar rabin caji, zafin kwantena na cinye ransu. Abu ɗaya da nake roƙonka, jarkar fetur da tukunyar gas kar su shiga wuri rufaffe mai zafi, kuma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya kar ka tada janareto cikin kwantena ko rumfa rufaffiya, iskar da ke kisa a hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi.

Mai Lambu:
Na manta, takin zamani ma ka raba shi da ƙarafa. Buhu ɗaya da ya sha danshi ya cinye min ƙasan baro har ya huje.

Magini:
Alhaji mu da ke aikin ga abin da ke ba mu wahala, mai gida ya zaɓi wuri mafi kusa da ginin ya jibge kaya, to nan ne kuma tifa za ta juye yashi da tsakuwa, nan za a kwaɓa siminti, nan za a jera bulo. Na taɓa aikin da sai da muka kwashe kayan mai gida sau uku, a na ukun madubin wani tsohon kabad ya fashe, rai ya ɓaci. Ka zagaya filin da magininka tukuna ya nuna maka hanyar mota da inda zai haƙa, abin da ya rage shi ne naka. Ƙurar siminti kuma in ta haɗu da raɓa a kan inji daskarewa take. Sannan kar ka ƙirga ranar da aka zuba daɓe a matsayin ranar komawa, kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, satin farko ma ruwa muke ba shi safe da yamma. Ko bayan nan sabon daɓe da filasta suna ta fitar da danshi, in ka kwaso kaya ka rufe ƙofa washegari tsatsar da ka guje wa a waje za ta same ka a ciki. Ka bar ƙofa da taga a buɗe na wasu makonni, kwalaye da ƙarafa su hau kan kantar ajiye kaya.

Baban Biyu:
Allah ya saka da alheri, na fasa tamfol ɗin nan. Na auna ƙofar gida jiya, motar kwantena ba za ta shiga ba, don haka rumfar Mai Lambu zan yi, na riga na gaya wa maginin a cire min kwanon da hannu kuma ya nuna min lungun bayan tankin ruwa ya ce can ba ruwansa da shi. Littattafai da takardu uwargida ta yarda su shiga ɗaki, batira ma haka. Na juye man injin ciyawar ɗazu, ya yi kamar minti uku yana ci kafin ya mutu. Bakanike, notin tsiyayewar na janareton ya ƙi kwancewa kuma kansa ya fara cinyewa, in ɗiga masa mai in bar shi ya kwana ko in kawo maka shi kawai?