Mandera: mutane ne suka ragu, ko ƙidayar ce ta ci amana?

Malam Habu: Jama'a, ni dai ina kan bakana: ba a zalunci gundumar Mandera ta arewa maso gabashin Kenya a ƙidayar 2019 ba. A 2009 an ce mutanenta 1,025,756 ne, a 2019 aka samu 867,457. Ta farkon ce aka kumbura, ta biyun ta gyara.

Hajiya Rabi: Haba Malam! To ina mutum sama da dubu 150 suka shiga? A shekaru goman nan Kenya gaba ɗaya ta tashi daga miliyan 38.6 zuwa 47.6. Mandera kuwa na cikin wuraren da aka fi haihuwa a ƙasar. Ko'ina ana ƙaruwa, su kaɗai ne za su koma baya?

Malam Habu: Hajiya, koma baya kaɗan ki ga. A 1999 mutanen Mandera kimanin dubu 250 ne. Wace irin haihuwa ce za ta ninka jama'a sau huɗu a shekara goma? Shi ya sa a 2010 ministan tsare-tsare Wycliffe Oparanya ya soke sakamakon wasu yankuna takwas na arewacin ƙasar, uku daga ciki na Mandera ne. A 2019 kuma da na'urar hannu aka yi aikin, ba takarda ba.

Baba Audu: Ku biyun kuna ta jayayya da lissafi, kun manta da ƙasar kanta. Ku duba taswira. Garin Mandera a lungu yake, inda Kenya da Habasha da Somaliya suka haɗu. Ta gabas yana manne da Bula Hawa ta Somaliya, ta arewa kogin Dawa ne kawai ya raba shi da Suftu ta Habasha. Kamar Illela da Ƙonni ne: dangi a nan, dangi a can. Garre da Degodiya, ƙabilun yankin, duk suna da 'yan'uwa a ƙetaren iyaka. Gundumar ta kusa murabba'in kilomita dubu 26, yawancinta fako da ƙaya, jama'arta makiyayan raƙuma da awaki. An yi ƙidayar a ƙarshen Agusta, lokacin rani ne a can. Wanda ya kora dabbobinsa ya haye Dawa neman ciyawa, wa ya ƙirga shi? Na'ura ba ta bin makiyayi daji, malamin ƙidaya ne ke binsa, in ya ga dama.

Malam Habu: Baba, da girmamawa, hujjarka kaifi biyu gare ta. Iyakar da ɗan Kenya ke fita ta nan, ta nan baƙo ke shigowa a rubuta shi.

Baba Audu: Na yarda. Amma kai ɓangare ɗaya kawai ka zarga.

Hajiya Rabi: Kuma wannan ba wasan lamba ba ne. Yawan jama'a na cikin abin da ake dubawa wajen raba kuɗi ga gundumomi 47 na Kenya, da wajen yanka mazaɓu. In aka rage ku a takarda, an rage muku asibiti da rijiyar burtsatse, a wurin da mace ke tafiya mai nisa da jarka. Abin da ya kai shugabanninsu kotu ke nan. A Janairun 2025 babbar kotu a Garissa ta soke sakamakon 2019 na yankuna da dama a Mandera da Wajir da Garissa, ta ce hukumar ƙididdiga ta sake ƙirgawa. Mu da aka soke mana ƙidayar 1973 a Najeriya mun san zafin wannan rigima.

Malam Habu: Kotu ta ce ta 2019 na da matsala, ba ta ce ta 2009 gaskiya ce ba.

Baba Audu: To a sake, amma da damina, lokacin da makiyaya ke kusa da gida, kuma a tafi da dattawan kowace ƙabila su nuna rugage.