Shin da gaske an gama da kuturta?

Malamin makaranta: Assalamu alaikum. Ni a ganina, kuɗin da ake kashewa wajen neman kuturta a jikin yara gara a juya su kan ƙazwa, wadda a kowane lokaci take addabar mutum sama da miliyan 200. Ai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an cim ma burin kawar da kuturta tun shekarar 2000.

Likita: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da aka cim ma a 2000 shi ne masu cutar sun gaza mutum 1 cikin 10,000, amma cutar ba ta ɓace ba. A 2023 an gano sababbin masu ita sama da 180,000, galibinsu a Indiya da Brazil da Indonesiya, kuma kimanin 10,000 daga cikinsu yara ne. Wannan adadin na yara shi ya fi damuna, domin cutar kan yi kusan shekara 5 a jiki kafin ta bayyana, saboda haka idan ta fito wa ɗan shekara 8, to a 'yan shekarun nan ya ɗauke ta daga wani na kusa da shi da ba a yi wa magani ba.

Dattijo: Likita, ba gadonta yaron ya yi ba? Mu haka muka taso muna ji.

Likita: A'a, Baba. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda wani likita mai suna Hansen ya gano a Norway a 1873, kuma ta hanci da baki take yaɗuwa bayan doguwar cuɗanya. Zama a gida ɗaya ne ya sa ake zaton gado ce.

Malamin makaranta: Na ji, amma ina 10,000 ina miliyan 200?

Ma'aikaciyar jinya: Malam, ƙazwa takan warke yaro ya koma wasa, amma jijiyar da kuturta ta kashe ba ta dawowa, kuma da ita zai rayu har tsufa. Farkonta wani kodadden tabo ne da ba ya jin taɓawa, ba ya ƙaiƙayi, shi ya sa iyaye ke ɗauka makero ne su ƙyale shi. Alhali maganin kyauta ne tun 1995, na wata 6 ko 12. Kuma wanda ya tuɓe wa yaro riga don duba ƙazwa, shi ne zai ga wannan tabon.

Likita: Haka ne, Hajiya. Tun 2018 hukumar ta ba da shawarar a ba makusantan majiyyaci wani magani mai suna rifampicin sau ɗaya don rigakafi.

Malamin makaranta: Duba fata gaba ɗaya na yarda da shi. Amma kafin a ba maƙwabta da 'yan ajinsu wannan magani, sai an gaya musu dalili, kuma na san yadda ake gudun yaron da aka ce kuturu ne. Wa zai kare shi daga wannan, Likita?